Makwancin Tarakta

Bana zafin bazara ya zo wa Tawa da wuri. Tun hantsi ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, da azahar kuwa ko awaki ba sa motsi, suna manne da inuwar katanga suna haki. Da la'asar gajimare kan taru can gabas, mu ɗaga kai mu duba, iska ta zo ta watsa shi. Cikin wannan zafi ne Asumana ya same ni a zaure, ya tsuguna ya gaishe ni.

Asumana babban ɗan wana Illo ne. Ya yi shekaru a Abijan yana bida, wato neman kuɗi, ya dawo gida watan da mahaifinsa ya kwanta ciwo, bai koma ba. Illo ya rasu wata huɗu ke nan.

"Baba Hashimu, na samu tarakta," in ji shi. "Wani mutum na can hanyar Bambai, shina son shi saida. Ba sabuwa ba ta, amma an ce min lahiya lau take. In an haɗa abin da niz zo da shi da shanun da Baba yab bari, sun kai. Inna ta yarda, ƙannaina sun yarda. Ni dai so nike ka tai ka diba min."

"Ni?"

"To wa, Baba? Kai kab bi shi wurin dubi dud shekarun ga."

Gaskiya ya faɗa. Shekara kusan talatin, duk wanda zai sayi tsohuwar tarakta a wannan yanki namu, daga Barmu har Tebaram, Illo yake nema. Ni kuwa aikina shi ne in riƙe masa riga da hula idan zai shiga ƙarƙashi. Ban taɓa buɗe baki a wurin ciniki ba. Na ce wa Asumana ya ba ni zuwa jibi. Da ya fita na zauna ina kallon gabas, sai wata bazara ta dawo mini, wadda zafinta ya yi kama da wannan.

Lokacin muna ƙauyenmu, arewa da Barmu, ba mu dawo cikin gari ba. Mahaifinmu bai daɗe da rasuwa ba. Ya bar mana gonar tudu ta hatsi, da wata gona a fadama mai baƙar ƙasa, wadda idan ta bushe sai ka ce dutse, idan ta jiƙa kuma ta riƙe ƙafa. Ya bar mana shanun noma biyu, Baƙe da Goje. Damanar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbu bai kai rabi ba. Illo ya dawo daga bida da 'yan kuɗinsa da shawara a bakinsa: mu sayi tarakta, mu fasa fadamar nan gaba ɗaya mu zuba dawa, sannan mu yi wa mutane huɗa su biya mu da hatsi. Ya ji cewa wani Alhaji a Tawa, abokin mahaifinmu, yana da wata da ya saya hannun masu aikin gyaran ƙasa sa'ad da suka tashi.

Kuɗin Illo ba su isa ba. Muka kai Baƙe da Goje kasuwar Barmu. Na tuna yadda mai sayen ya duba su. Ya buɗe baki ya ƙirga haƙora, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ya ja wutsiya, ya sa aka zaga da su sau biyu, har kashinsu ya tona da tsinke. Babu wanda ya ji haushi, haka ake sayen sa. Mu ma da sa za mu saya, haka za mu yi.

Mun aika wa Alhaji tun kwana uku cewa muna tafe, don ba a faɗo wa babba haka kawai. Da muka isa gidansa da hantsi, muka tarar an share filin ƙofar gida tas, an yayyafa ruwa, an zuba sabon rairai fari, an shimfiɗa darduma a inuwar bishiyar bedi. Taraktar tana tsaye a tsakiyar rairan, ja wur, fenti yana ƙyalli, injin yana aiki a hankali.

"Ɗiyana, ɗiyana," in ji Alhaji, ya riƙe hannuwanmu duka biyu. "Na sa an tada muku ita tun da sahe, kar ku zo ku yi ta jira. Ku zamna ku sha hura tukuna. Ubanku ba shi taɓa wuce gidan ga bai sha ba."

Illo ya dube ni, na ga ya ji daɗi. A wurinmu shara da sabon rairai na baƙon girma ne. Ana yi wa mai dawowa daga Makka, ana yi ranar suna. Mu samari biyu marayu, ga abokin ubanmu ya yi mana abin da ake yi wa manya. Muka sha fura mai sanyi da nono, Alhaji yana ba mu labarin yadda shi da mahaifinmu suka taɓa kai raƙuma Sakkwato.

Ina riƙe da ludayi sai na ga wata kaza ta shiga ƙarƙashin taraktar, ta fara tono. Ta yi sau biyu, sau uku. Farin rairan ya kau, abin da ke ƙasa baƙi ne ƙirin, jiƙaƙƙe, yana naso. Kazar ta girgiza ƙafa ta yi gaba.

Na gani sarai. Na dubi Alhaji yana share hawaye kan maganar ubanmu, na dubi ƙwaryar da ke gabana, na dubi Illo. Na ce a raina, shi ne babba, in da magana shi zai yi. Na ci gaba da shan fura.

Direban Alhaji ya zaga da ita fili sau ɗaya, babu garma a bayanta. Muka yaba. Aka yi addu'a, aka shafa.

Ranar da muka shiga ƙauye da ita, mata suka yi guɗa. Innarmu ta fito ta tsaya nesa, ta rufe baki da gyale, ta ce, "To ita wagga mi taka ci?" Aka yi dariya. Muka ajiye ta a garken da Baƙe da Goje suke kwana, turakunsu na nan a kafe. Kowace safiya sai an tara maza biyar sun tura kafin ta tashi, tana tari tana fitar da hayaƙi fari. Muka ce batir ne. Kowace safiya kuma akwai baƙin tabo a ƙasa, faɗin faifai. Illo yakan tura ƙasa da ƙafa ya rufe, ni kuma in kau da kai.

Ruwa ya yi jinkiri. Rijiya ta ja baya, mata suna fita tun asuba su dawo rana tsaka da tulu ɗaya. Fura ta koma ruwa-ruwa. Muna kwana a tsakar gida saboda ɗakuna sun zama tanda. Sai wata la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta kwanta, tsuntsaye suka yi shiru, aka ji ƙamshin nan da ba ya kama da komai. Aka kwarara ruwa har kwazazzabai suka kawo. Da gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi ya nufi tudu, mu kuwa muka nufi fadama.

Kwana biyu ta yi aiki. Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan biyu suna cikin mafi daɗin da na taɓa gani. Baƙar ƙasa tana juyewa a bayanta kamar tuwo a tukunya, balbelu suna bi, Illo yana bisa yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Rana ta uku, wajen hantsi, a tsakiyar gona, ta yi wata ƙara kamar an buga tabarya a turmin da babu komai, ta yi tsit. Tururi ya tashi. Illo ya daɗe zaune a bisa bai sauko ba.

Muka ɗauko makanike daga Tawa, wani gajere mai yawan barkwanci. Ya zaro ƙarfen awon mai ya nuna mana. Man bai yi baƙi ba, ya yi fari-fari kamar furar da aka dama.

"Kun gani? Ruwa da mai sun yi aure," in ji shi. Ya kankare fenti da wuƙa a gefen injin, sai ga tsaga, tsawon tafin hannu, an liƙe ta an shafe. "Wagga ta daɗe da mutuwa, ku dai kun zo biso na, jana'iza. Da kunka je saye, ba ku dibi inda taka kwana ba?"



Ba mu koma wurin Alhaji ba. Innarmu ta ce ba za a ji ɗiyanta sun kai abokin ubansu gaban kowa ba. Har yau ban ce Alhaji ya san da tsagar ba, mai yiwuwa yaransa ne suka yi. Ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya rage mana shi ne hannu. Babu tarakta, babu shanu, kuma mun bar shukar tudu ta wuce mu da kwana biyar, a shekarar da ruwa bai yi niyyar daɗewa ba. Muka shiga da sungumi, Illo yana sara ina bi da iri, matarsa Hadiza tana bayanmu da goyon Asumana tana rufe ramu da diddige. Muna fita bayan sallar asuba, mu dawo rana ta yi ja. Da noman fari ya zo, hauya ta ci tafin hannuwanmu har suka daina jin zafi. Maƙwabta suka yi mana gayya a fadama, maza goma sha, ba mu da abin ba su sai ruwan fura. Suna noma suna zagaya taraktar, wani ya ce, "Illo, sanka ya ƙi tashi, ko a kawo mai dussa?" Illo ya yi dariya tare da su, dariya ta gaske, ni kuwa na kasa.

Cikin watan da hatsi yake fitar da kai, rumbu ya ƙare. Wanda bai taɓa shiga rumbu ya share ƙasansa da tafin hannu ba, ba zan iya gaya masa yadda wurin yake amsa murya ba. Mata suka shiga daji tsinkar anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci. Ana jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. Hadiza takan dafa ta da ganyen tafasa da ɗan gishiri. Ana ci sau ɗaya, da la'asar, don a samu abin kwana. Ɗacin yana zama a maƙogwaro har washegari. Ga gona kore shar, ga ruwa yana sauka, ga ƙamshin damana ko'ina, cikinka kuwa yana kuka kana jin sa a kunne. Nonon Hadiza ya ja baya. Asumana ya daina kuka da ƙarfi, sai wani ɗan sauti kamar na ɗan akuya. Innarmu takan ce ta ƙoshi, ta tura wa Hadiza kwanonta.

Kullum idan za ni gona sai na wuce ta gaban taraktar. Awaki sun maida ta inuwa, yaɗo ya hau tayoyinta. Kullum sai na tuna kazar nan.

Allah ya sa muka fita. Ruwa ya ɗauke da wuri, hatsin tudu bai cika ido ba, amma ɗan wurin da taraktar ta huɗa kafin ta mutu ya ba da dawa mai kyau. Shi ya riƙe mu. Asumana ya rayu. Da kaka ta wuce, Illo bai koma Abijan ba. Ya tafi garejin gajeren makaniken nan ya ce a koya masa, yana magidanci yana wanke ƙarafa. Shekara uku ya yi.

Daga nan ne ya zama mai dubi. Yana da tsarinsa, ba ya sauyawa. Ba ya aikawa cewa yana tafe, kuma da sanyin safiya yake zuwa. Kafin ya gama gaisuwa ya ɗora tafin hannu a jikin injin. In ya ji ɗumi sai ya ce, "Mu dawo gobe, ta riga ta yi kalaci." Sannan ya sa a tura ta gaba ya tsuguna a inda ta kwana. "Makwanci ba shi ƙarya," haka yake cewa, ba don ya ji wani ya faɗa ba. Ya zaro ƙarfen awon mai ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina. Ya buɗe murfin ruwa ya ga ko mai na yawo a kai. Sai a tada ta yana tsaye a baya yana kallon hayaƙi: baƙi na ɗan lokaci ba ya damunsa, fari ko shuɗi mai daɗewa shi ne abin gudu. Tayoyin baya yakan bi su da yatsa yana neman tsagar rana. Sabon fenti bai taɓa burge shi ba, wurin da ya fi ƙyalli nan yake kankarewa. Yakan dubi inda ƙafa ke takawa, ya ce agogon aiki ana iya maida shi baya, ƙarfen da ƙafa ta cinye kuwa ba a iyawa. Ya nemi takardu ya ba ni in karanta. Ya sa a kai ta ƙasa mai tauri ta ja garma da gaske. Na ƙarshe, ya sa a ɗaga garma sama a kashe inji, ya ce a ɗora shayi. In an sha kofi uku garmar tana nan inda aka bar ta, to. In ta sauka, hannuwan da ke ɗaga ta sun gaji.

Wasu masu sayarwa sun ji haushinsa. Bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma taɓa yin shiru ba.

Ban gaya masa maganar kazar ba sai cikin ciwonsa na ƙarshe. Wata la'asar ce, yana kwance a inuwar rumfa, ya rame har zobensa yana faɗuwa. Na ce, "Yaya, akwai abin da ni daɗe ina riƙe da shi. Ranar da munka je gidan Alhaji, wata kaza ta tona ƙarƙashin motar nan. Na ga baƙin mai. Ban hwaɗi ba."

Idonsa a rufe yake. Na ɗauka bai ji ba. Can sai ya ce, "Wake-wake ta, mai gutsurarren wutsiya."

"Ka gan ta?"

"Na gan ta mana. Ina jiran ka yi magana, kai ka yi karatun lakkwal."

"Ni ko ina jiran ka, kai ne babba."

Ya fara dariya, tari ya sarƙe shi, na ɗaga kansa na ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Hurar dai ta yi daɗi." Bayan kwana tara ya cika.

Jibin da na ce wa Asumana ya zo. Na ce masa kada ya aika, amma ashe ya riga ya buga wa mutumin waya, don yanzu ba a iya faɗo wa kowa. Muka hau babur ɗinsa bayan sallar asuba. Gabas ta yi duhu-duhu, iska tana da ɗan laima.

Mutumin dattijo ne, Malam Alhasan, fari siriri mai rawani. Taraktar tana bayan gidansa ƙarƙashin wata adduwa. Wurin kaca-kaca yake, kashin awaki, karmami, sawun kaji. Ya lura da inda idona ya tafi.

"Ka yi haƙuri da ƙazanta, Malam Hashimu. Uwargida ta ɗauko tsintsiya, nic ce ta aje. Nic ce ƙanen Illo za shi zo, kar a taɓa ko tsinke. Inji ma ban bari an taɓa ba. Illo shi yad duba min ita sa'ad da zan saye. Allah shi haskaka makwancinai."

Na ce amin. Na tuɓe riga da hula, na juya in miƙa, sai na ga ban san wa zan miƙa wa ba. Asumana ya karɓa.

Injin da sanyinsa. Muka tura ta gaba, na tsuguna: ɗigo uku ƙanana, tsofaffi. Man baƙi ne sosai, ruwan babu maiƙo. Ta tashi a bugu na biyu, hayaƙin ya yi baƙi ya washe. Tayar hagu tana da tsaga amma ba ta yi zurfi ba. Takardu sun yi daidai da lambar da ke jikinta. Ta ja garma a fako ba ta yi nishi ba. Asumana sai murmushi yake, yana shafa ta kamar doki. Na ce a ɗaga garma a kashe.

Malam Alhasan ya ɗora shayi da kansa. Yana fifita gawayi yana ba mu labarin Illo, yadda ya taɓa hana shi sayen wata da kowa ya yaba, yadda ya ƙi karɓar ko kuɗin goro. Ya miƙo mini kofin farko da hannu biyu. Asumana ya ba taraktar baya, yana lissafa wa dattijon gonakin da zai fara da su.

Ni kaɗai nake fuskantar ta. A kofi na farko garmar tana sama. A na biyu na ga kamar ta yi ƙasa da faɗin yatsu huɗu, na ce ko idona ne. Ana zuba na uku, bakinta ya taɓa ƙasa, a hankali, ba ƙara.

Shanun Illo ne za a sayar. Hadiza ce ta yarda, wadda na ga tana tauna anza da goyo a baya. Ga kuma mutumin da ya bar makwancin taraktarsa ba shara don girmama wana, yana miƙo mini kofi, idonsa da ƙwalla. Kunyar da na ji ta fi ta gidan Alhaji nauyi. Na juya dama, inda Illo yakan zauna. Tabarma ce kawai, da rigata a ninke.

Na karɓi kofin na ajiye.

"Malam Alhasan," na ce, "garmar ta sauka."

Muryata ta fito ƙarama, amma ta fito. Suka juya tare. Dattijon ya tashi ya je ya tsaya a kanta, ya riƙe haɓa. Sannan ya dawo ya zauna.

"Wallahi ban lura ba. Ni ban taɓa kashe ta da garma sama ba." Ya dubi Asumana. "Ɗana, kar ka saida ko maraƙi tukuna. In kai ta a buɗe, in abin gyara na in gyara, ku dawo baban naka shi sake dibawa. In ta sake sauka, ku nemi wata." Ya tura mini kofin. "Sha, Malam, shina hucewa. Na ukun shi ne mai zaƙi."

Na ɗauka. Shayin ya ɗan zuba a ƙasar da ba a share ba.